Wa Ke Riƙe da Linzamin Hankalinka?

Daga nan Illela nake magana, bakin iyaka, inda kabu-kabu zai kai ka Ƙwanni kafin shayinka ya huce.

Yau da labarin kaina zan fara. Kun tuna 2023, da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka? Manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya na lalacewa, garin nan ya yi tsit. Ni lokacin na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, ba aiki, ɗan cinikin da nake taɓawa ma ya tsaya. Barci ya ƙaurace min. Ƙarfe uku na dare ina riƙe da waya, jiki ya gaji amma kai ya ƙi kwanciya. Da rana kuma ga ni nan kamar a farke, amma a yi min magana sau uku ban ji ba.

Wani abokina ɗan dako ya miƙo min ƙwaya. Ya ce, "Ni ba don jin daɗi nake sha ba. Ta safe ta tada ni, ta dare ta kwantar da ni." Maganar nan ta tsaya min a rai. Ashe abin da yawancinmu ke saye ke nan: hanyar fita daga wani hali zuwa wani. Daga kasala zuwa kuzari, daga damuwa zuwa mantuwa, daga farke zuwa barci. Binciken da hukumar UNODC ta yi da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma buƙatar da ke kai yaro gare shi tana nan daram.

Ban karɓa ba, kuma ba don na fi shi ba ne, tsoro ne kawai. Kawuna ne ya lura da ramar da na yi. Ya ce, "Ɗana, gobe in an sallame Asuba kar ka tashi." Da gari ya waye ya zaunar da ni, ya ba ni carbi. Ya ce in ja numfashi a hankali, in sake shi a hankali, kowane numfashi ƙwayar carbi ɗaya da istigfari ɗaya. Na ce, "Kawu, in tunani ya ɗauke ni fa?" Ya yi dariya ya ce, "Zai ɗauke ka mana. Duk sanda ka farga ka tafi, ka dawo. Dawowar ita ce aikin."

Wallahi ranar farko ban kai goma ba na tsinci kaina ina lissafin bashi. Amma bayan 'yan makonni na fara gane wani abu: damuwa ba ta faɗowa kwatsam. Tana da sallama. Ƙirji ya ɗaure, numfashi ya gajarta, sannan tunani ya biyo baya. In ka kama ta a bakin ƙofa, kana da zaɓi.

Kar wani ya ce wannan abin Indiyawa ne ko na Turawa. Malaman tasawwufi suna kiransa muraƙaba, wato tsaron zuciya, suna kuma shiga halwa don shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta, can tsallaken iyakar nan, a 1754, ya kuma zauna a Dagel, ɗan Ƙadiriyya ne mai yawan zikiri. A ɗan littafin da ya rubuta kan wuridinsa, ya ba da labarin yadda ganinsa da jinsa suka ƙara kaifi yana ɗan shekara 36. 'Yan Tijjaniyya kuma suna da lazimi safe da yamma: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. Lokaci sananne, adadi sananne, zama wuri ɗaya. Ban zo gardamar ɗariƙa da Izala ba. Ko a ina kake, natsuwa a sallah taka ce. Kuma hadisi ya koyar da mai fushi ya zauna in yana tsaye, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ka ga an bi ta jiki an sauya halin zuciya.

Masu bincike ma sun iso nan ta tasu hanyar. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Killingsworth da Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu. Suka gano kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi, kuma sun fi rashin walwala in ya tafi yawo. Tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin mako takwas a Jami'ar Massachusetts, yana koya wa marasa lafiya sa hankali kan numfashi. Dalilin a jiki yake: in kana sakin numfashi, bugun zuciya yana ɗan raguwa. In ka tsawaita sakin, jiki ya fahimci ba gudu ake yi ba.

To ga abin gwadawa. Minti biyar bayan Asuba, kafin ka taɓa waya. Ja numfashi kana ƙirga huɗu, sake shi kana ƙirga shida. In fushi ya taso a tasha ko a majalisa, ambaci sunansa a zuciyarka, "wannan fushi ne," ka yi numfashi uku kafin ka buɗe baki. Da dare ajiye wayar nesa da shimfiɗa, ka bi jikinka da hankali daga yatsun ƙafa zuwa kai.

Amma in faɗa muku gaskiya: wannan ba zai buɗe iyaka ba, ba zai ba ka aiki ba. Wanda kuma ƙwaya ta riga ta kama, kar ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, don hakan na iya zama haɗari. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, kan hanyarmu ta Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Haka wanda ya zauna shiru ya ji tsoro ko firgici na ƙaruwa, ya dakata ya ga likita.

Abokin nan nawa har yau yana fama. Wani lokaci yakan zo mu zauna bayan Asuba, wani lokaci in yi mako ban gan shi ba. Ban fid da rai ba, don Kawu ya riga ya gaya min dawowar ita ce aikin.

Ku gwada na mako guda. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.