Malamai Biyu na Midil ta Bauchi da Abin da Suka Komo da Shi daga Jami'ar London

 Batun da za a kawo gaban jama'a yau shi ne abin da karatun jami'a ke yi wa aikin mutum bayan ya komo gida. Alƙali ba ya yanke shari'a sai ya ji shaidu, saboda haka ga shaidu biyu daga makaranta guda.

A Midil ta Bauchi Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suka yi aikin malanta tare. Malam Abubakar ya fito Kwalejin Katsina cikin 1933, Malam Aminu kuwa ya fito Kwalejin Kaduna cikin 1942. Da yaƙin Hitila ya ƙare aka fara aika malaman Arewa Ingila, su yi karatu a sashen koyon malanta na Jami'ar London. Malam Abubakar ya tafi cikin 1945, Malam Aminu ya bi sawu cikin 1946. Takardar shaidar malanta aka aike su nema, ba digiri ba, zaman kuma bai daɗe ba.

To, amma abin da suka gani ya fi abin da suka karanta. Sun tarad da Ingila hannun jam'iyyar Leba, wadda ma'aikata suka ɗora bisa mulki da ƙuri'a. Sun ga Bature yana dako, yana share titi, sun ga talaka ya tsai da wakilinsa ya tambaye shi dalili, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Ba London ce ta koya musu kukan talakawa ba, gama tun a Bauchi su kan zauna taron tattaunawa da Malam Sa'adu Zungur. Abin da ta ba su mudu ne, da suka komo kuwa En'e suka fara aunawa da shi.

Malam Abubakar, ɗan baran hakimi, shi ne ya bi a hankali. Ya koma aikin ilmi na En'en Bauchi, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Kaduna. Cikin Agusta 1950 ya miƙe a majalisar nan ya roƙi a naɗa waɗanda za su bincika tsarin En'e. Ya kawo hujjojinsa: ba a shawartar talakawa, ikon sarki ba shi da iyakar da aka rubuta, ma'aikata da yawa ba a koya musu aikinsu ba, ga kuma cin hanci. Magana ce mai ɗaci, bai kuwa nemi a rushe sarauta ba, gyara ya nema. Aka yi binciken. Cikin 1952 aka daina barin sarki ya zama En'e shi kaɗai, sai tare da majalisarsa, cikin 1954 kuma sabuwar dokar En'e ta fito. Duk magatakardan da aka aika kwas bayan wannan, da rabon maganar nan a cikin tafiyarsa.

Malam Aminu, wanda mahaifinsa Malam Yusufu muftin alƙali ne a Kano, ya tashi cikin gidan shari'a, ya san inda ƙafar tsarin ke ciwo. A London ya yi cuɗanya da 'yan siyasar da ke goyon bayan ma'aikata. Da ya komo ya tsaya wajen haɗa malaman makarantun Arewa cikin ƙungiya guda, aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. Cikin watan da abokinsa ya yi jawabin Kaduna aka kafa NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki ya shiga, cikin 1953 ya zama shugabanta. Shi a ganinsa faci ba zai raya rigar ba. Gaskiya kuwa ba ta ɓuya: mabiyansa da yawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, sun sha sandar 'yan doka, takardun shari'un nan kuma hannun ma'aikatan En'e ne ya rubuta su.

Wanda ya ce ɗaya ya yi daidai ɗaya ya ɓata, ya yi garaje. Da ba don hayaniyar na waje ba, da wuya a saurari na ciki da sauri haka. Abin da ya kamata a lura shi ne, hukumar da ta biya kuɗin jirgi malamai ta zaci za ta samu, sai ga shi duka biyu sun bar allo. Malam Abubakar ya zama Ministan Ayyuka cikin 1952, Firayim Minista cikin 1957. Malam Aminu ya ci zaɓen majalisar Ikko cikin 1959, da ya ke jam'iyyarsa na ƙawance da NCNC sai ya sami kansa yana zaune ɓangaren gwamnatin tsohon abokin aikinsa.

An kashe Malam Abubakar cikin Janairu 1966. Malam Aminu ya rayu har ya ga an soke En'e cikin 1976, an kafa ƙananan hukumomi a madadinta, ya rasu cikin Afrilu 1983. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu, amin.