Ƙuri'a Shaida Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Gidan Sori da kewaye, mu sani ƙuri'a shaida ce. Allah ya hana ɓoye shaida a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai.

Ba a karɓar shaidar nan sai daga wanda sunansa ke cikin kundi. Kafin zaɓen 27 ga Disamba 2020, hukumar CENI ta yi rajista da na'ura mai ɗaukar hoto da zanen yatsu. Wanda bai je ba, an zaɓa masa shugaba yana gida. Saboda haka idan aka sake buɗe rajista, duk wanda ya cika shekara 18, namiji ko mace, ya je. Marar takardar haihuwa ya nema tun yanzu. Magidanta, kada mu hana iyalanmu.

A da, kansilolin da muka zaɓa su ne suke zaɓen magajin gari, mai kula da rijiyoyinmu da kasuwanninmu. Wanda ya ba da katinsa don sukarin buɗa-baki ya sayar da shaidarsa, kuma za a tambaye shi. Jami'in da ya sauya ƙidaya ya ci amana.

Allah ya karɓi azuminmu, ya ba mu shugabanni adalai. Amin.