Jawabi a Kan Canjin Furosesa a Kwamfutar Wasa

Malam Shugaba, malamanmu masu daraja, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Furosesa na ce, ba farfesa ba, kada malamanmu su tsorata. Shi ne ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi. Da yawanmu 'ya'ya sun matsa mana a canja shi, wai wasa yana sarƙewa.

Kafin ka taɓa aljihu, a kunna wasan a duba. In katin hoto yana aiki kusan kashi 100 bisa 100, to shi ne ya gaza, furosesa ba shi da laifi. Sai in katin yana hutawa, wasa kuma yana tsaitsayawa, sannan a zarge shi. Ko a nan ma, a fara kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka, domin zafi yana sa shi rage gudu da kansa.

Sannan a dubi mazauninsa a jikin madabod. Kamfanin AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, kuma Ryzen 7 5800X3D na 2022 yana zama a kansa, muddin an sabunta manhajar BIOS. Amma mai son AM5 sai ya sayi sabon madabod da ma'adana DDR5. Kuɗi uku ke nan, ba ɗaya ba.

Kada a sabunta BIOS sai da batir ko janareto a kusa. Ni an ɗauke mini wuta ana tsakiyar yi, madabod ɗin bai sake tashi ba.