Ɓarauniyar Doki a Jikin Takardar Kuɗi

Ku da ke saye da sayarwa a kara, kun san zafin satar dabba. Mutum ya yi kiwon rago shekara guda, dare ɗaya a kwance masa igiya. To, ku kasa kunne ku ji yadda Ingila ta yi da ɓarayin dabbobi a zamanin dā, da abin da jikokinsu ke yi yau.

A shekarar 1741 aka kafa doka a Ingila, wanda ya saci tunkiya hukuncinsa rataya ne. Amma sau da yawa akan sassauta, a ce maimakon kisa a kore shi zuwa ƙetaren teku, shekara 7, ko 14, ko har mutuwa. Da fari Amurka ake kai su. Sa'ad da Amurka ta ɓalle daga mulkin Ingila, sai aka juya zuwa Ostareliya, ƙasa mai nisan gaske wadda ke da mutanenta tun fil'azal. Jiragen ruwa 11 na farko suka isa can a watan Janairu 1788, bayan tafiyar wata 8. Daga nan har zuwa 1868 an kai fursunoni wajen 162,000. A 1832 aka soke kisa saboda satar doki da saniya da tunkiya, kora ta maye gurbinsa. Wa'adi ya cika ma, kaɗan ne suka sami kuɗin jirgin komawa gida.

Cikinsu akwai wata marainiya, wadda duniya ta sani da suna Mary Reibey. An haife ta a 1777. Ba ta kai shekara 15 ba aka kama ta da dokin sata, tana sanye da kayan maza. Aka yanke mata shekara 7, ta sauka Sidni a 1792. Bayan shekara 2 ta auri wani ɗan kasuwa. Da ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya 7, ta riƙe ciniki da hannunta, ta mallaki jirage da gidaje da gonaki. A cikin wani gida nata aka buɗe bankin farko na ƙasar a 1817.

Amma ga abin tausayi. Duk da arzikinta, kunya ba ta sake ta ba. Da aka yi ƙidayar jama'a a 1828, sai ta sa aka rubuta wai da 'yancinta ta zo ƙasar. Haka iyalai da yawa suka yi, suka binne asalinsu, gama mutane suna cewa sata a jini take. Mu ma mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ashe ba kullum ba ne. Jikan wannan mata ya zama shugaban gwamnatin tsibirin Tasmaniya a 1876, ita kuwa tun 1994 hotonta yana jikin takardar dala 20 ta Ostareliya.

Yau jikokin fursunoni da kansu suke neman labarin da aka ɓoye. Yaya suke yi? Sukan fara da tsofaffin gida, su bi takardun haihuwa da na aure, daga uba zuwa kaka, har su kai ga sunan jirgin da ya kawo mutumin. Sunan jirgi shi ne mabuɗi, domin masu suna ɗaya suna da yawa. Akawunan gwamnati sun rubuta kome: tsawon mutum, launin idonsa, tabon jikinsa, sana'arsa, garinsu, laifinsa, da bulalar da ya sha. Akwai kuma takardar izinin yin aikin kansa kafin wa'adi, da takardar 'yanci. Shari'o'in babbar kotun Landan, Old Bailey, daga 1674 zuwa 1913, suna kan intanet, kowa na iya karantawa.

Kada ku ce na wanke ɓarawo. Sata sata ce, mai tunkiya ma talaka ne sau da yawa, hasararsa kuwa gaskiya ce. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ranar kamu ba ita ce ƙarshen mutum ba, laifin kaka kuma ba gadon jika ba ne.

To, kai mai ji, akwai wanda ya fito daga kurkuku a unguwarku? Ka hana shi rumfa? Ka hana ɗansa auren 'yarka saboda abin da uban ya yi? Da an rufe wa marainiyar nan ƙofar kasuwa, da ɓarauniyar doki kaɗai aka san ta. Ka yi tunani a kan wannan. Sai wani jiƙon, ku huta lafiya.