Gudumar bindiga: daga adakar Rano zuwa fistol ɗin kaboyi

Yau zancenmu na bindiga ne, amma kada kowa ya tsorata, wani ɗan ƙarfe guda ɗaya za mu duba.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Rano ya ga 'yan bindiga da adakarsu. Kafin mutum ya harba, sai ya sa babban yatsa ya ja wani ƙarfe baya har ya ce ƙas. Wannan shi ne ɗana bindiga. Ƙarfen nan zan kira shi guduma, don mu raba shi da kunama, wadda ake dannawa daga ƙasa.

A bindigogin gargajiya guduma iri biyu ce. Ta farko mai ƙanƙara: tana da baki da ke cije da ɗan dutse, idan ta sara a kan ƙarfe sai tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Matsalarta damina, da albarushin ya ji laima, shi ke nan, sai ta ƙi tashi. Ta biyu ba ta da dutse, tana dukan wata 'yar hular ƙarfe ce mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da bugu. Wannan ta fi tabbas, kuma tabbas ɗin nan shi ne haɗarinta, domin bugu kaɗan ya ishe ta.

Ina yaro, wani kawuna mafarauci a wani ƙauye kusa da Kibiya ya dawo daga daji, ya jingina bindigarsa a jikin rumbu, a cike, guduma tana kwance a kan hula. Akuya ta zo ta goge ta, ta faɗi. Wallahi har yau ina jin ƙarar nan. Harbin ya wuce ta wurin da ƙanwata ta tashi ba a fi minti ɗaya ba. Babu wanda ya taɓa kunama.

To, ku san cewa Amurkawa ma sun sha wannan matsalar. Fistol ɗin nan mai juyawa da kuke gani a finafinan kaboyi, kamfanin Colt ne ya fitar da shi a 1873. Shi ma sai ka ɗana shi da yatsa kafin kowane harbi, kamar adaka. Allurar da ke dukan harsashi a jikin gudumar take, don haka idan ka kwantar da ita, tana zaune a kan harsashi. Ya faɗi ƙasa, yana iya tashi. Shi ya sa masu hankalinsu suke zuba harsashi 5 a gida 6, su bar gudumar a kan gidan da babu komai.

A 1894 Colt ya fito da samfurin Bisley, mai guduma gajera da faɗin kai, don yatsa ya same ta da sauƙi wajen gasar harbi. Wannan gyaran jin daɗi ne, bai taɓa haɗarin ba. Sai a 1973 kamfanin Ruger ya sa wa nasa wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da allura, wanda ba ya hawowa wurin sai an danna kunama. Idan ba a danna ba, ko an bugi gudumar ba ta kai wa harsashi. Shekara 100 cif tsakanin 1873 da 1973.

Adakarmu ba ta da wannan kariyar. Kuma doguwar gudumar nan tana iya maƙalewa a reshe ko a riga, ta ɗaga, ta koma da ƙarfi. Don haka matasan da ke bin iyayen gidansu farauta ko sintiri, ku ji ni da kyau: kada a shiga gida da bindiga da hula a kanta, kada a hau babur da ita a ɗane, kada a jingina ta inda yara da dabbobi ke wucewa.

Kawuna tun daga ranar, a bakin zaure yake cire hular ya sa a aljihu.

Idan a garinku akwai sunan da maƙera ke kiran wannan ƙarfen, ku rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare mu.