ABIN DA KE HANA A BA MUTUM IZININ SHARE FILI: JAWABI A GIDIMUNI



Mun taru yau a kan maganar ƙasa. Mai kuɗi yakan zo da katafila, ya ce ya sayi fili, zai sare itace, ya baje tudu, ya yi garka. Talakawa su yi shiru, suna zaton ba mai iya ce masa a'a. To, akwai, kuma doka ce ta ba da ikon.

Dokar ƙasar karkara ta Nijar ta fito ran 2 ga Maris 1993. Ita ta kafa kwamitin ƙasa da muke kira kofo. A 1994 aka fara gwada shi a Mirya da Maine-Sorowa, lokacin nan kuwa Gidimuni tana cikin ƙasar Mirya. Ashe ba baƙon abu ba ne gare mu.

Ga dalilan ƙi. Ku riƙe su.

Na fari, burtali da makiyaya da mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta ce na jama'a ne, ba su sayuwa. Wanda ya toshe hanyar shanu zuwa tabki ya shuka faɗa tsakanin manomi da makiyayi.

Na biyu, filin da ake gardama a kansa. Sai mai gari ko sarki ya yi sulhu an rubuta, in ya gagara a tafi gaban alƙali. Gado ba ya faɗuwa don babu takarda. Doka ta amince da mallakar gargajiya.

Na uku, daji. Dokar 2004 ta ce ba a sassabe cikinsa sai da izinin hukuma. Tsofaffi suna faɗa mana tun zamanin Sarki Tanimu an hana saran gawo a Damagaram.

Na huɗu, tudun rairayi da ke bisa kwari. In aka tsiraita shi, iska ta kwaso rairayi ta binne dabino da rake da rogo na mutanen ƙasa. Tabkin nan namu kuwa a 2019 aka sa shi cikin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa a yarjejeniyar Ramsar.

Amma mu yi hattara. Ƙin da aka yi don ƙiyayya zalunci ne, daidai da izinin da aka saya. In za a hana mutum, a faɗa masa dalili a gaban shaidu, a rubuta, a ba shi takarda. Ma'aunin da aka auna wa talaka shi za a auna wa attajiri.

Aikinmu ke nan: kowace ƙungiya ta san membobin kofon garinta, ta zaga burtali da ƙafa tun damina ba ta faɗi ba. Masu karatu su karanta wa marasa karatu kafin a dangwala hannu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.