Abin Da Muka Gano A Salga: Jawabin Ayarin Ziyara A Taron Ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata na Sabon Badun, muna yi muku barka da zuwa. An umarce mu da mu tsaya gabanku mu ba da labarin tafiyar da muka yi a hutun ƙarshen shekara zuwa Salga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Gana. Da muka ce za mu, wasu sun yi mana dariya, suka ce wane ne zai bar shagonsa ya tafi kallon ƙauye? To, ga mu mun dawo lafiya, kuma ba hannu rabbana muka dawo ba.

Mun tashi daga nan Badun muka bi ta Ikko, Kwatano, Lome, har Ankara, daga can sai Kumasi. Daga Kumasi muka nausa arewa ta Atebubu zuwa Yeji, bakin tafkin Bolta. Wannan tafki ba na asali ba ne, madatsar ruwan Akosombo da aka gama a 1965 ita ta haife shi. Jirgin fito ya ƙetarar da mu da motarmu zuwa Makango, daga nan kuma Salga ba nisa.

Jama'a, tun daga Makango sai muka ji kamar gida muka nufa. Ga hazon hunturu, ga kaɗanya da ɗorawa da kuka, ga garken shanu, sai dai gonakin doya sun fi na dawa yawa. Da safe koko da ƙosai muka karya da su, da dare tuwon zafi. Ko a bakin waɗanda ba Hausawa ba, sunan tuwon ke nan. A kasuwa kuwa da Hausa muka yi ciniki, babu tafinta.

Me ya kai Hausa can? Goro. Shi goro ba ya yi a Salga, a kurmin Tonawa yake, wato Asante. Sarakunan Kumasi ba su yarda fataken Arewa su riƙa kutsawa cikin kurmi ba, sai aka riƙa kawo goron Salga, a nan ake haɗuwa. Ayari kan taso daga Kano da madugu da jagaba, da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Yandi. Zuwa da komowa kan ci kusan shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Kun ga tafiyar da muka yi cikin 'yan kwanaki muna kukan ciwon baya, kakanninmu a ƙasa suka taka ta.

An zaga da mu tsofaffin rijiyoyin garin, waɗanda saboda yawansu ake yi wa Salga kirari da garin rijiya dubu. Sa'an nan aka kai mu inda jikinmu ya yi sanyi. Ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba, har da mutane. Akwai wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke su kafin a kai su kasuwa. Akwai Rafin Angulu, inda ake jefar da waɗanda suka mutu. Sunayen nan da harshenmu suke, saboda haka ba mu da bakin cewa babu hannun namu a ciki. Yaran da muka tafi da su suka tambaye mu, muka gaya musu gaskiya. Gara su ji daga bakinmu da su ji a bakin wani.

Kashegari muka fita ƙauyuka. Muka ga mata suna dakan man kaɗe, maza suna haƙar doya suna jerawa a rumfa. Muka je Kpembe, ɗan ƙaramin gari dab da Salga, inda sarkin ƙasar yake zaune. Dattawa, a nan muke roƙon ku saurara da kyau. Salga garin baƙi ce, garin fatake da malamai da masu masauki, amma sarauta da ƙasa na Gwanjawa ne, suna Kpembe. Wato dai Salga zango ce, kamar yadda Sabo take a Badun.

To, yaya aka yi kasuwar da ta tara mutanen Kano da Barno da Mosi ta koma ɗan gari shiru? Abu uku ne. Na farko, a 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, Gwanjawa suka yi wa Tonawa tawaye, su kuma Tonawa suka tsuke hanyar goro, ciniki ya karkata Kintampo. Na biyu, a 1892 rigimar sarauta ta tashi tsakanin gidajen Kpembe, ɓangare guda ya gayyato mayaƙa daga Dagomba da Nanumba, aka ci Salga da yaƙi. Faɗan ba na baƙi ba ne, amma gidajensu da dukiyarsu ne suka salwanta. Suka watsu zuwa Yeji, Kintampo, Kete-Karaci, har Ankara. Cikin waɗanda suka bar garin bayan haka akwai shahararren malami mawallafi Alhaji Umaru Salga, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Karaci ya rasu a can a 1934.

Na uku shi ne ya shafe mu kai tsaye. Hanya ta sake. Aka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara yin haka. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Manoman ƙasar Yarbawa kuma suka shiga shuka irin wannan goron a wajajen Agege da Shagamu, shi ya sa har gobe suke ce masa gbanja, wato na Gwanja. Ayari ya mutu, fatake suka biyo goro Kudu, aka yanka wa Hausawa Sabon Badun a 1916. Ashe faɗuwar Salga tana cikin dalilan zamanmu a nan.

Saboda haka ga abin da muka ɗauro a bakin zani. Zango da kasuwa yake tsayuwa, da kuma zaman lafiya da masu gari. Salga ta rasa duka biyun cikin shekara 18. Mu ma goro da shanu suka kafa mu, kuma kowa ya san yau cinikin ba kamar da yake ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu sa yaranmu makaranta, allo da boko, maza da mata, mu koya musu sana'a fiye da ɗaya. Mu girmama masu masaukinmu, in kuma rigimar cikin gidansu ta tashi, kada mu ɗauki ɓangare. Sa'an nan mu rubuta tarihin unguwar nan tun tsofaffinmu suna da rai. Muna roƙon ƙungiya ta naɗa matasa su bi gida gida da takarda da rikoda kafin Babbar Salla.

Wanda ke da niyyar zuwa, ya tafi da rani, ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ya isa Yeji da wuri saboda jirgin fito. In ya isa, ya fara gaida manyan gari kafin ya shiga yawo, kada kuma ya manta da goron gaisuwa. Mu da muka kai musu na Shagamu, wani dattijo ya juya shi a hannu ya yi murmushi, ya ce ɗa ne ya dawo gidan ubansa.

 Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabatanmu.